Wa Ke Riƙe da Mudun Gidan Horo?

Mu mutanen wannan yanki, daga Sabiyal zuwa Aliero, Jega da Maiyama, ba a koya mana awo. Duk wanda ya tashi a gidan manomin albasa ya san ba a sayen buhu da ganin bakinsa, domin manyan ake jerawa a sama, ƙanana da waɗanda suka fara ruɓa suna can ƙasa sun yi lamo. Wanda aka aika kasuwar Jega awon gero yakan juya mudun ya duba gindinsa, ko an buga shi ya loɓa ciki. Mun san tiya, mun san sikeli, mun san mai tauyewa, mun kuma san abin da aka tanadar masa gobe kiyama. Duk da wannan wayon namu, akwai abu guda da muke karɓa ido rufe, wato wurin da ake kai yaro idan ya yi laifi.

A ce yaro ɗan shekara 14 ya zare wayar wani a tasha, ko ya shiga rumfar albasa cikin dare. An kama shi, an ɗan taɓa lafiyarsa, an miƙa shi ga 'yan sanda. Da yamma a majalisa abin da za ka ji shi ne, “Gara a kai shi inda za a gyara masa zama.” Kowa ya gyaɗa kai, a koma hirar taki da farashin mai. Ba mai tambayar ina ne wurin, kwana nawa zai yi, da wa zai haɗa shimfiɗa, me zai ci, me zai koyo, kuma wane irin mutum ne zai dawo mana unguwa. Mun biya kuɗin buhu ba mu zazzage shi ba.

Tambayar da muke son mu juya ita ce: idan hukuma ta kulle yaro da sunan gyara, ta yaya za mu san ta yi abin da ta ce? Kuma shin kulawar da yaro yake bin mu bashi abu ne da zai shiga mudu? Wasu za su ce tarbiyya ba gero ba ce, ba a auna tausayi da tiya. Suna da 'yar gaskiya, kuma za mu dawo kanta. Sai dai mun ga da idonmu yadda abin da ba a aunawa yake ƙarewa a ƙasar nan.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Cikinsu akwai yara da dama da aka kwaso daga Kano da Kaduna, kuma cikin tuhumar har da cin amanar ƙasa. Sun shafe kimanin wata 3 a tsare. Huɗu daga cikin waɗanda aka gurfanar suka zube a ƙasa kafin a yi nisa da zaman. Aka sa belin kowanne a kan Naira miliyan 10, yaran da wasunsu iyayensu ba su taɓa riƙe dubu ɗari tasu ta kansu ba. Bidiyon ya zaga wayoyinmu, muka ga haƙarƙari, muka ga wuya kamar kara. Ƙasa ta ɗauki zafi. Ranar 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin jihohinsu.

Mun yi fushi, kuma fushin ya yi rana. Amma mu lura da abin da ya auna waɗannan yara: kyamarar waya ce, a rana ɗaya, a kotun da 'yan jarida ke cika. Kwana kusan 90 da suka gabata jikinsu yana zubewa, kuma da a ce akwai wanda aikinsa ne ya ɗora kowane yaro a sikeli ranar da aka kawo shi, ya sake ɗora shi duk mako, ya rubuta, ya aika wa wanda ba abokin aikinsa ba, da takarda ta yi ihu tun kafin bidiyo. Fushinmu kamar ruwan bazara yake, ya zo da ƙarfi ya wuce. Kuma kyamara ba ta zuwa caji ofis na ƙaramin gari inda aka ajiye yaro ɗaya tilo wanda ba zanga-zanga ya yi ba, akuya ya kora.

Ba dokoki muka rasa ba. Tun 1943 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar yara da matasa a Legas, Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, wadda ta ce kulle yaro shi ne mataki na ƙarshe idan duk sauran sun ƙare, kuma na ɗan lokaci mafi gajarta. A 2003 aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya, Jihar Kebbi ta samu tata a 2022 da sa hannun Gwamna Atiku Bagudu. Dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali a 2019 ta hana ajiye yara tare da manya, ta kuma ce a gina gidajen horon matasa, na maza daban na mata daban, a kowace jiha. Wanda ya karanta takardunmu kawai zai ɗauka ba ƙasar da ta fi mu tausayin yara.

A ƙasa kuwa, gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani guda 3 ne: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Bostal ake ce musu, sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara irin wannan gida a 1902, kuma su masu abin sun soke tsarin tun 1982. Jihohi na da nasu gidajen ajiye yara, irin na Goron Dutse a Kano, a ƙarƙashin ma'aikatun da kasafinsu ba ya taka kara ya karya. Sauran yaran fa? Yaron da ba shi da takardar haihuwa, kuma irinsa ba su ƙirguwa a ƙauyukanmu, shekarunsa suna bakin alƙalamin wanda ya rubuta takardar tuhuma. Ɗan 15 ya zama ɗan 19 da bugun biro ɗaya, sai ga shi a ɗakin manya, kuma ba a karya doka ba, tunda a rijista babu yaro a gidan. Idan ma'auninmu shi ne “yara nawa ne a gidan yarin manya”, amsa za ta iya fitowa sifili alhali ɗakin cike yake da waɗanda ko gashin baki ba su fara ba.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, kuma akwai darasi a yadda wasu suka gano shi. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta nemi a binciki halin da gidajen tsare yara na ƙasar suke ciki. Rahoton ya fito a 1994, bayan an tattara bayanan gidaje kusan 1,000. Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsa shi ne, gidajen da suka cika ƙa'idojin da aka rubuta ba su nuna sun fi sauran ba wajen ƙarancin rauni, ko gudu, ko yunƙurin kashe kai. Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin ƙa'idojin suna tambaya ne ko gida yana da rubutaccen tsari kan abu kaza. Kana da takardar da ta hana duka? Akwai. Kana da tsarin kula da yaron da ke neman hallaka kansa? Ga shi a fayil. Sai a ba ka maki, yaron kuwa yana can da kumburarren ido.

Daga nan, a 1995, suka fara wani shiri da ke auna abin da ya faru da yaron kansa. Sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Oktoba, gidan da ya shiga shirin zai kawo alƙaluma: yara nawa suka ji rauni, sau nawa aka ɗaure wani, awa nawa aka kulle yaro shi kaɗai a ɗaki, karatunsa da lissafinsa sun ƙaru ko sun tsaya, yana samun ganawa da danginsa ko a'a. Ana kuma tambayar yaran da ma'aikatan ko sun ji tsoron lafiyarsu a gidan. Wannan ci gaba ne babba, ba ma musu. An bar kallon bakin buhu an fara zazzagewa. Amma shiga shirin ganin dama ne, kuma mafi yawan alƙaluman gidan ne da kansa ke rubuta su. Mu da muka san kasuwa mun san abin da ke faruwa idan mai hatsi shi ne mai mudu, shi ne kuma mai shaida.

Wani masanin tattalin arziƙi ɗan Ingila, Charles Goodhart, ya lura a 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin da ake saka wa mutum ko a hukunta shi a kai, yakan daina faɗin gaskiya. 'Yan kasuwar Jega sun riga shi sanin wannan, ba su dai rubuta ba. A ce wa shugaban gidan horo ƙarin girmansa ya rataya a kan kada yaro ya gudu, gobe za ka tarar an toshe tagogi an rage fita tsakar gida. A ce masa a rage yawan faɗa, sai faɗan ya daina shiga littafi. A ce masa kowane yaro ya koyi sana'a, sai a jera kekunan ɗinki biyar marasa allura, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida. Mafi muni, a ce masa a rage ƙorafi. Ba abin da ya fi sauƙin samarwa kamar gidan da ba a ƙorafi a cikinsa. Bulala ɗaya a gaban jama'a ta wadatar.

A nan ne ya kamata mu daina nuna hukuma da yatsa mu dubi tafin hannunmu. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura, da Katsina, da Zariya, har Ilorin da Ibadan. Muka yi ta salati kamar yau muka fara jin sunan gidan mari. Alhali ba sace yawancin waɗannan yaran aka yi ba. Iyaye da 'yan uwa ne suka kai su da hannunsu, suka biya kuɗi, wasu har da godiya. Kuma ba za mu yi wa iyayen nan rashin adalci ba: uwar da ɗanta ya faɗa shaye-shaye, ya sayar da tukunyarta, ya ɗaga wa ubansa hannu, ta duba gabas da yamma ba asibitin da zai karɓe shi, ba ta kai shi can don ƙiyayya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma da wane mudu muka auna gidan mari duk shekarun da ya yi yana aiki a tsakiyar unguwanninmu? Da mudu ɗaya: yaro ya dawo ya yi laushi. Yana sunkuyar da kai, ba ya musu, ba ya haɗa ido da kowa. Muka ce ya shiryu. Ba mu tsaya mun bambance yaron da ya gane kuskurensa da yaron da aka karya ba, domin daga nesa kamarsu ɗaya, dukansu shiru suke yi. Kuma shirun ya yi mana daɗi, tunda mu muke son barci. Idan har ma'aunin da ke zukatanmu shi ne wannan, duk fom ɗin da gwamnati za ta buga zai koma gare shi, don ma'aikacin gidan horo daga cikinmu ya fito, abin da muke yabawa shi zai kawo mana.

Abin mamaki, mafi hikimar tsarin awo da muka sani kan wannan batu ya girmi rahoton Amurka da shekara fiye da 1,000. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafin Kitabul Kharaj, kuma a ciki ya yi magana kan 'yan kurkuku. Shawararsa ita ce a ciyar da su daga baitulmali, amma kada a ba da abincin a matsayin gurasa, domin masu gadi za su cinye. A mayar da shi kuɗi, a naɗa mutumin kirki ya rubuta sunan kowane ɗaurarre, duk wata ya zauna ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya danƙa wa kowa nasa a hannu. Ya yi maganar tufafin sanyi da na zafi. Ya nemi a daina barin su suna fita cikin sarƙa suna bara. Ya kuma nemi a riƙa duba shari'arsu a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sallame shi, yana ganin da ana yin haka da kurkuku bai cika ba.

Mu dubi yadda wannan malami ya yi tunani. Bai ɗauka cewa mai gadi waliyyi ne ba, bai kuma tsaya zaginsa ba. Ya gina tsarin ne da sanin cewa inda abinci ya ratsa hannun mai yunwa, zai ragu. Sai ya raba mai tsaro da mai rabo, ya sa a kira suna, ya sa abin ya sauka a tafin mai shi. A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da ɗaurarre a kan Naira 750 a rana, karen hukumar kuwa Naira 800. An yi ta surutu kan karen, daga baya aka ƙara kuɗin zuwa Naira 1,125. Amma tambayar Abu Yusuf tana nan ba a amsa ba: cikin abin da aka ware, nawa ne ke isa cikin kwanon? Kasafi bakin buhu ne. Nauyin yaro a sikeli, wata bayan wata, shi ne gindinsa.

To, mu koma ga masu cewa tarbiyya ba ta shiga mudu. Aliero ta yi suna da ɗori, ana zuwa daga nesa da karaya a koma da ƙafa. Mai ɗori yana ɗaure mutum, yana hana shi motsi, yana sa shi kuka, kuma ba mai kiransa azzalumi, saboda kowa ya san abin da ɗaurin yake nema: ƙashi ya haɗe, mutum ya taka. Ya kuma san in ya matse fiye da kima jini zai tsaya, a rasa ƙafar gaba ɗaya, kuma in ya bar ɗaurin ya wuce lokacinsa gaɓa za ta sandare. Ba a yaba masa don majinyaci ya kwanta shiru wata biyu. Ana yaba masa ranar da aka ga mutumin a kasuwa yana tafiya. Idan gidan horo ɗori ne, to babban awonsa yana waje, bayan shekara ɗaya ko biyu: yaron yana makaranta, yana gona, yana shagon wani, ko ya koma hannun 'yan sanda da laifin da ya fi na farko? Wannan lissafin da wuya ka ji wata hukuma tamu ta kawo shi a bainar jama'a.

Sai dai wannan misali yana da rami, kuma gara mu faɗa da kanmu. Mai karaya shi ya kawo kansa, kuma an tabbatar ƙashin ya karye kafin a ɗaure. A gidajen yarinmu kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba. Yaron da ke jiran shari'a ana yi masa ɗori ne a ƙafar da ba wanda ya duba ko ta karye. Rami na biyu ya fi zurfi. Idan muka ce sakamako shi ne komai, me za mu ce ranar da wani ya zo da alƙaluma ya nuna mana cewa yaran da aka yi wa mari sun fi sauran daina sata? Za mu dawo da marin? Mu dai amsarmu a'a ce, ko da alƙaluman gaskiya ne. Akwai abin da ake aunawa don a ga ko an ci riba, akwai kuma abin da ake aunawa don a tabbatar ba a ƙetare iyaka ba, kuma riba ba ta halatta ƙetarewa. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 kan yaran da aka tsare sun haramta duka, da kullewa a ɗaki mai duhu, da kaɗaita yaro, da rage masa abinci, da hana shi ganin iyayensa a matsayin horo. Ba a ɗora haramcin a kan ko suna aiki ko ba sa aiki ba. Mu da aka karantar da mu cewa alƙalami bai fara rubuta wa yaro zunubi ba sai ya balaga, bai kamata a ce sai daga waje za a tuna mana wannan ba.

Akwai wata magana da muke ji a majalisa wadda ba za a share ta da hannu ba. Mutum zai ce: almajirin da bai saci komai ba yana kwana a soro da yunwa, ɗan talakan da ke bin doka ba shi da benci a aji, sai ɓarawo ne za a ba katifa da abinci sau uku da malami? Zafin maganar gaskiya ne. Amma almajirin nan, duk wahalarsa, yana da ƙafa: zai shiga gida na gaba, zai yi dako, zai gudu daga mai dukansa. Wanda aka kulle an karɓe masa wannan. Mun san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Kyanwoyi masu yunwa sun cika gari a lokacin, ba a tambaye ta su ba. An kama ta ne da wadda ta rufe wa ƙofa. Wanda ya juya makulli ya ɗauki cikin wanda ke ciki da lafiyarsa, kuma idan hukuma ce ta juya shi, da sunanmu ta juya. Yunwar almajiri hujja ce a kanmu ta wani babin, ba ta zama lasisin ƙara wani mai yunwa ba.

Shi kuma manomin da aka kwashe wa albasar da ya yi wata huɗu yana ban ruwa, ba mu manta da shi ba. Haƙƙinsa ne a biya shi, haƙƙinsa ne ya kwana ba fargaba. Amma mu tambaye shi bayan zuciya ta huce: wanne ya fi masa, yaron ya yi wata shida a ɗaki ɗaya da gwanayen fashi ya fito da sababbin abokai, ko ya yi masa aikin gona har ya biya abin da ya ɗauka? Dokar 2003 ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sulhu da biyan diyya ba tare da an kai kotu ba, abin da zauren mai unguwa da na hakimi suka daɗe suna yi. Sai dai shi ma sulhun yana buƙatar awo, don mun san 'ya'yan wa ake yi wa sulhu, mun kuma san 'ya'yan wa ake turawa gaba. Da za a rubuta sana'ar uban kowane yaron da ke tsare a jihar nan, ba ma zaton za a samu ɗan kwamishina ko ɗan babban ɗan kasuwa, kuma ba don 'ya'yansu ba sa ɗaukar abin wani ba.

Akwai ma wani haɗari da ke tattare da gyaran kansa. Ranar da aka gina gidan horo mai fenti da fanka a Birnin Kebbi, alƙali zai ji sauƙin tura yaro can, uba zai zo da kansa yana roƙon a karɓi nasa, gadajen su cika da yaran da da can faɗa da jan kunne ya ishe su. Gida zai iya cin maki a kowane layi na fom, alhali rabin waɗanda ke ciki bai kamata a ce sun taka ƙofarsa ba. Shi ya sa a ganinmu lambobin da suka fi kowanne nauyi ba a cikin gidan suke ba, a bakin ƙofa suke: yara nawa aka shigar, a kan me, kuma kwana nawa kowanne ya yi kafin alƙali ya ga fuskarsa. Kwana yana da wuyar yi wa algus. Ranar kamu sananniya ce, uwar yaron ba za ta manta ta ba.

Saura mai riƙe mudun. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane na 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace. Tsari ne mai kyau, irin na Abu Yusuf, idan ana zuwa ba sanarwa, kuma idan za a zauna da yaron a inda mai gadi ba ya ji. Ziyarar da aka sanar tun mako guda, aka share tsakar gida, aka yanka kaji, aka koya wa yara amsa, duba bakin buhu ce da rakiyar mai buhun. Kuma a cikin duk masu awon, yaron ne kaɗai ya san abin da ke faruwa bayan an kashe fitila. Mun saba ɗaukar maganar yaro mai laifi a matsayin ƙarya tun kafin ya buɗe baki. Zai iya yin ƙarya, haka ne, kamar yadda babba mai kaki zai iya. Amma idan yara goma da aka tambaya daban-daban suka ambaci ɗaki ɗaya da suna ɗaya, an samu abin bincike.

Akwai mai awo guda da ba a biyanta albashi, ba a kuma iya saye ta, ita ce uwar yaron. Kallo ɗaya za ta yi masa ta san ko yana ci, ko ana dukansa, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Ƙa'idojin 1990 sun ce a bar yaro ya ga danginsa kamar sau ɗaya a mako, kada ya gaza sau ɗaya a wata. Daga Sabiyal zuwa Kaduna tafiyar yini ce, kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi abin da mata da yawa ke samu a wata, kuma sai ta nemi izini, ta nemi mai rakiya, ta nemi inda za ta kwana. A fom za a rubuta cewa gidan yana da ranar ziyara, kuma gaskiya ne yana da ita. Layin da ke gaban sunan ɗanta a littafin baƙi ne zai zauna fari, wata shida, wata tara, ba kuma wanda aikinsa ne ya buɗe shafin ya tambayi dalili.